Sahu na Uku a Ƙarshen Kwalta

Shekara ashirin da shida Saaka ya yi yana salla a sahu na uku a masallacin layinsu a Nima, kuma bai taɓa sha'awar matsawa gaba ba. Sahun farko na alhazai ne. Na biyu na masu jiran alhazan su rasu ne. Na uku kuwa wurin mai son zaman lafiya ne: kana jin karatun liman, iskar fanka tana iso ka, in kuma liman ya makara ba wanda zai waiwayo ya ce ka shiga gaba. Wannan na ƙarshen shi Saaka ya fi tsoro, don bayan Fatiha surorin da ya riƙe ba su wuce huɗu ba, biyu daga ciki ma sukan shiga cikin juna in ya ji ana sauraronsa.

Daga wani ƙauye a wajen Salaga ya zo Akra, a bayan motar doya, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ya yi dako, ya tura baro, daga baya ya samu gefen rumfa a Abosokai yana sayar da tsofaffin ƙarafan mota. Ya auri Rahinatu, haifaffiyar Mamobi, mai koko da ƙosai. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Sherifa. Ɗaki ɗaya suke haya a bakin babban gota, wato kwatar unguwa, kuma duk damina sai ruwa ya shigo ya gaishe su. Sun saba ɗora katifa a kan kabad su tsaya a kan benci har ya wuce. Shekarar da ruwan ya tafi da babbar tukunyar kokon Rahinatu, wadda ta gada wurin uwarta, ta ce ita ta gama da Nima. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai faɗa sau ɗaya da safe, sau ɗaya da yamma, har shekara biyu.

Haka a 2003 Saaka ya sayi fili can bayan Amasaman. A lokacin wurin ba shi da suna. Torotoro, motar haya, tana sauke mutum inda kwalta ta ƙare, sai ya taka cikin gonakin rogo da suri, yana kauce wa shanun Fulani. Mutanen zango da suka fara zuwa duba filaye suka riƙa cewa Ƙarshen Kwalta, sunan ya bi wurin. Wani tsoho daga gidan masu ƙasar ne ya sayar masa. Ya zuba giya a ƙasa don kakanninsa, Saaka ya kau da kai yana istigfari, sannan tsohon ya dangwala babban yatsansa a takarda har wuri uku. Saaka ya naɗe takardar a leda ya sa a ƙasan akwati. Sai bayan wata shida ya gane cewa tsohon yana da ƙane, ƙanen ma yana da babban yatsa, kuma ya dangwala wa wata mata da ke zaune a Landan.

Matar ba ta taɓa zuwa ba. Wasiu take aikowa. Wasiu yaron Kotobabi ne, ƙato mai ɗaga ƙarfe, shugaban 'yan tsaron fili su shida da ke yawo a kan babura. Yana da ladabi ƙwarai. In ya iso sai ya cire baƙin gilashi, ya rusuna, ya tambayi lafiyar Mma Rahi wadda ya girma da shan kokonta, sannan ya ɗauko guduma ya rushe duk bulon da Saaka ya jera. In ya gama ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, aiki ne." Sau biyu ana haka. Saaka ya zauna a kan tarkacen katangarsa ya yi kuka irin na manya, wanda ba a jin sautinsa.

A karo na uku akwai wani abu sabo a kusurwar filin. Duk Lahadi Saaka yakan wuni a can tare da magini, in azahar ta yi ba inda zai sa goshi sai kashin shanu. Sai ya jera bulo layi huɗu, ya fitar da ɗan hanci ta gabas don ya riƙa gane alƙibla, ya ɗora kwano huɗu a kan sanduna. Wasiu ya rushe katanga kamar kullum, ya iso nan, ya ga tabarma da buta, ya tsaya.

"Baba, wannan fa?"

"Nan nake salla."

Wasiu ya sauke gudumar a hankali. Ya ce wa mutanensa uwarsa tana da rai, ba zai jawo mata abin da za a yi ta faɗa a Kotobabi ba. Ɗaya daga cikinsu, mai zuwa coci, ya ce shi ma ba ya taɓa ɗakin Allah, ko na wane ne. Suka hau baburansu suka tafi.

Da Saaka ya kai labari gida yana ta godiya ga Allah, Rahinatu ta taya shi godiyar, sannan ta tambaye shi: in aka jingina ɗaki da bangon masallacin, bango ya zama ɗaya, ta ina Wasiu zai fara? Aka jingina ɗaki aka ce ɗakin liman ne. Aka ƙara babba aka ce makaranta ce. Aka ƙara ƙarami aka ce na ajiye tabarmi ne. Wasiu ya zo ya zagaya, ya leƙa makarantar ya ga kujerun falo da kabad ɗin kwanonin Rahinatu, ya sosa ƙeya, ya ce Allah ya ba da ilimi mai amfani. Bai sake zuwa da guduma ba. A 2006 suka tare, kuma sunayen ɗakunan ba su canza ba. Baƙo yakan yi mamaki in ya ji Rahinatu ta ce wa mijinta ya je ɗakin liman ya kwanta.

Shekarun farko sun yi wa Saaka daɗi. Masallacinsa ne kaɗai a dajin, mutum bakwai yake ɗauka. Masu zuwa duba filayensu da maginansu duk nan suke tsayawa, kuma kullum yana samun wanda zai tura gaba. Shi sai ya laɓe a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, ya ce yana tsaron takalma.

Sai Alhaji Kassim ya kawo ziyara. Maƙwabcin rumfarsa ne a Abosokai, dillalin injin mota, shi ma an rushe masa katanga sau uku a filinsa da ke gaba kaɗan. Ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa hancin masallacin da makullin motarsa, ya ce ashe duk shekarun nan yana zaune kusa da mai wayo bai sani ba. Saaka ya rantse ba wayo ba ne, kashin shanu ne. Alhaji ya yi dariya ya ce haka masu wayo suke cewa. Kafin wata ya ƙare ya gina nasa, da tayil har bango, tun bai haƙa rijiya ba.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk wanda ya sayi fili daga Nima ko Mamobi, magini ba ya tambayarsa ina ban ɗaki zai zauna, sai ya ce a wace kusurwa za a sa masallacin. Kwana uku ake gama shi. Wani ba ƙofa, wani ba rufi. Wani alƙiblarsa ta ɗan karkata don ta bi iyakar fili, mai shi ya ce zai gyara in ya tare. Kafin a kawo wutar lantarki an kai tara, bayan an kawo aka kai goma sha bakwai. 'Ya'yan da ke Italiya da Jamus suka riƙa aiko lasifika, don ita ce sadakar da ake ji daga nesa. Ba mai son ya kira salla tare da maƙwabcinsa kada muryarsa ta ɓace, saboda haka kiran azahar a Ƙarshen Kwalta yakan fara sha biyu da rabi ya ƙare wajen biyu saura. Mutum zai kira, ya fito ya tsaya bakin ƙofa yana duban hanya, ya koma ya ta da iƙama, ya yi sallarsa shi kaɗai, ya sa kwaɗo. Ai ba zai bar nasa ya je na wani ba, kada a ce nasa kufai ne.

Unguwa ta cika. Aka ja kwalta ta wuce da mil biyar, sunan bai motsa ba. Gonakin rogo suka zama gidaje, rabinsu ba rufi. Aka buɗe kantin magani, makarantar kuɗi, wurin buga bulo, coci uku a ƙarƙashin tanti. Mutanen da suke cika masallacin Saaka kowa ya samu nasa. Ranar da na ƙarshe ya zo yi masa albishir cewa shi ma ya gama nasa, Saaka ya yi masa barka, ya koma ciki ya tarar da abin da ya gudu shekara da shekaru yana jiransa: shi ne ladan, shi ne liman, shi ne jama'a. Da magariba Rahinatu takan tsaya a bayansa don kada ladan jam'i ya wuce su. In ya fara wata sura ya ƙarasa da wata, sai ta yi tari. Wani lokaci tarin yakan yi yawa har ya yi sallama ya tambaye ta ko a sayo magani.

Juma'a ce take riƙe da shi. Duk mazan unguwar masu gida Nima suke tafiya, su fita da hantsi, su sha cunkoson hanya awa uku, su dawo dab da magariba. Saaka yana cikinsu. Sau ɗaya a mako yakan samu sahunsa na uku, kafaɗa a dama, kafaɗa a hagu, wani ya ɗauke masa nauyin karatu. Da wannan yake jure sauran kwana shidan.

Yana da saba'in da ɗaya gwiwoyinsa suka ƙi. Kujerar torotoro ba a yi ta don mai gwiwa ba, kuma wata Juma'a sai da direba da wani fasinja suka ciccibo shi suka sauke a tasha kamar buhun gawayi. Likita ya ce ya bar doguwar tafiya. Juma'a huɗu a jere ya yi azahar shi kaɗai a masallacinsa, unguwa shiru, ko lasifika ɗaya ba ta motsa ba. A ta huɗun ya daɗe zaune bayan sallama. Ya ga in ba a yi wani abu ba, haka zai ƙarasa kwanakinsa, ba zai sake tsayawa a bayan liman ba sai ranar da za a shimfiɗe shi a gaban liman.

Ya buga wa wani malami a Nima waya ya tambayi abin da ake bukata a tsai da Juma'a. Malamin ya ce maza goma sha biyu ban da liman, mazauna wurin, da ginannen masallaci da zai ɗauke su. Saaka ya ji abin da sauƙi. Unguwa mai masallaci goma sha bakwai ai ba za ta rasa mutum goma sha biyu ba. Ya ɗauki sanda ya bi gida goma sha shida ɗaya bayan ɗaya.

Aka yi taro ranar Lahadi bayan la'asar a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Kowa ya ce magana ce mai kyau, an ma makara. Sai aka zo kan inda za a yi. Alhaji Kassim ya ce ba don nasa ba ne, amma tayil da na'urar sanyi sai a wurinsa. Wani ya ce nasa ne kaɗai mai hasumiya, ko da ta bututun roba ce. Wani ya ce nasa ya fi kusa da kwalta. Aka ɗauki tabarma aka bi ana aunawa. Na Alhaji Kassim ne babba, yana ɗaukar mutum tara in sirara ne, na'urar sanyin ta cinye wurin na goma. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti. Bayan wata uku abin da aka samu shi ne takarda mai tambari da zauren wasaf inda ake tura wa juna barka da Juma'a da hoton furanni.

A ɓoye kuwa kowa ya faɗa wa Saaka gaskiya. Wannan ya ce in bai je Nima ranar Juma'a ba surukansa za su ɗauka ya talauce. Wancan ya ce tsohuwarsa tana ajiye masa tuwo da miyar ayoyo. Wani ya ce duk ɗaurin aure da suna a ƙofar masallacin can ake jin su, wanda bai ji ba kuma ba a zuwa nasa. Duk yadda Saaka ya lissafa, waɗanda suka yi alkawari ba su wuce takwas ba, uku daga ciki ma da in sha Allahu mai tsawo suka yi shi.

Wata yamma yana zaune a tsakar gida yana lanƙwasa yatsu, Rahinatu tana tace gasarar gobe. Ta tambaye shi me yake ƙirgawa, ya ce mutanen unguwa. Ta ce ya faɗi sunayen ta ji. Ya faɗa.

"Waɗannan ai masu fili ne, Baban Sherifa. Na ce maka mutane."

"To su waye mutanen?"

"Waɗanda nake zuba wa koko kullum da safe sun fi arba'in. Ban taɓa ganin Alhaji Kassim a layin ba."

Ta lissafa masa su ba tare da ta ɗago daga rariya ba: masu buga bulo, masu haƙa rijiya, masu tuƙa aboboya mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, Zabarmawa masu tallar kaya, masu gadin gidajen da ba a ƙarasa ba. Ta ce waɗannan kwana bakwai suke kwana a nan, wasu sun shekara goma, 'ya'yansu a nan aka yanke musu cibiya. Ya tambaye ta a ina suke salla, tunda bai taɓa ganinsu ba. Ta ce a bayan wurin buga bulo, a kan takardun siminti. Ya ce ai nasa masallacin ba kwaɗo. Ta ce su ina suka sani, sun ga kowane masallaci da mai shi kamar akuya, sun ɗauka sai an nemi izini.

Saaka ya sauke yatsun da yake lanƙwasawa. Shi da ya shigo garin nan a kan doya, ya yi shekara takwas da gammo a ka, yau shi ne ya ƙirga unguwa ya tsallake masu gammo.

Washegari da magariba ya dogara sandarsa har can. Ya tarar da sahu uku cif a tsakanin tulin yashi da jerin bulo, an riga an kabbarta. Mai jan sallar wani mutum ne da siminti bai gama fita daga gwiwar hannunsa ba, yana karanta wata doguwar sura da Saaka bai ji ba tun barinsa Nima, a natse, ba gaggawa, ba tari a bayansa. Saaka ya ajiye sanda ya shige ƙarshen sahu na uku. Wani ya tura masa rabin takardar simintinsa da ƙafa. Har aka sallame bai tuna da gwiwa ba.

Sunan limamin Abdulhafiz, mutumin Yendi, ya kai arba'in, ya yi karatu a Tamale kafin neman abinci ya kawo shi buga bulo. Da matarsa da 'ya'yansa huɗu suna gadin benen wani mutum da ke zaune a Jamus. Ya ce Juma'a takan wuce su sau da yawa, don mai wurin buga bulon awa ɗaya da rabi yake ba su, ba ta kai mutum ko'ina. In da wuri a kusa, mutum ba zai zama matsala ba. Sai ya tambaya cikin ladabi, masallacin Baba mutum nawa yake ɗauka. Saaka ya ce bakwai.

Ya dawo gida ya tsaya a falo yana duban bangon da ya raba shi da masallaci. Rahinatu ta shigo da tuwo, ta dubi mijinta, ta dubi bangon, ta ajiye kwanon.

"Wane ɗaki?"

"Makaranta."

"Da?"

"Da ɗakin liman."

"Mu kuma mu kwana a kan mangwaro?"

"Akwai ɗakin tabarmi."

Ta tuna masa cewa ɗaki ɗaya ne ya kore ta daga Nima, kuma da kuɗin ƙosanta aka yi rufin makarantar nan. Ya ce duk gaskiya ne. Ya ce amma shekara goma sha bakwai suna gaya wa duniya ɗakunan nan na masallaci ne, da wannan maganar suka kwana lafiya ba wanda ya taɓa su, kuma ya daɗe yana jin nauyinta in ya sa goshi a ƙasa.

"Mai ɗaki ne ya zo karɓar ɗakinsa, Rahi."

"Ni na kawo dabarar, ai sai ka ce ni na yi ƙaryar."

"Ni na yi ta maimaita ta."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa. A na huɗu ta kawo sharuɗɗa: a yi mata rumfar girki mai kwano a waje, a ware wa mata wuri a baya da labule, kuma kabad ɗin kwanoninta ita za ta kwashe da hannunta. Sherifa ta bugo daga Kumasi tana tambaya ko Baba lafiyarsa ƙalau. Uwar ta ce gwiwa ce, ta hau masa kai.

Sauran wanda zai fasa bango ba tare da rufi ya biyo ba. Saaka ya san mutum ɗaya. Wasiu yanzu ya yi furfura da tumbi, yana sa jallabiya, yana da ɗan ofis a bakin kwalta inda yake dillancin filaye masu takarda ɗaya tak. Masallaci na goma sha biyu nasa ne. Da ya ji abin da ya kawo Saaka sai ya ɓata rai, ya ce ya tuba daga wannan aikin tuntuni, bai kamata Baba ya tuna masa ba. Da safe sai ga shi da tsohuwar gudumarsa, an shafe ta da mai, ko tsatsa babu. Ya ƙi bugu ta cikin masallaci, ya ce ta falo zai shiga, don a rubuta masa falo ya rushe. Ya shafa bangon, ya ƙwanƙwasa nan da can yana saurare.

"Baba, bangon nan ya daɗe yana jirana."

Saaka ya zauna a gindin mangwaro yana jin kowane bugu. Wannan karon bai yi kuka ba. Rahinatu ce ta shige rumfarta ta daɗe tana hura wutar da ta riga ta kama. Masu buga bulo suka zo ranar Lahadi suka kwashe tarkace, suka daidaita daɓe, suka kafa ginshiƙi biyu inda bangon yake.

Juma'ar farko maza hamsin da uku suka zo, ba mai fili ko ɗaya sai Wasiu. A ta uku Alhaji Kassim ya tsaya da motarsa, ya ce wucewa yake ya ga taro. Kafin wata biyu alhazai suka gano cewa Nima ta yi nisa, man fetur ya yi tsada, tuwon tsohuwa ma ana iya cinsa ranar Asabar. Suka riƙa aiko dardumominsu tun hantsi a shimfiɗa musu a sahun farko. Kwamiti ya farfaɗo, Alhaji Kassim ya zama shugaba. Aka zauna sau huɗu a kan ko ya dace mai buga bulo ya riƙa ja wa masu fili salla, amma da aka nemi wanda zai hau mumbari a cikinsu kowa ya ce muryarsa ba ta da kyau kwanan nan. Aka bar Abdulhafiz na wucin gadi, yau shekara uku ke nan. Aka manna farin dutse a bakin ƙofa da sunayen waɗanda suka kafa Juma'a a Ƙarshen Kwalta, mutum goma sha ɗaya, a ƙasa aka rubuta "da sauransu". Rahinatu ta sa aka karanta mata, ta ce wa mijinta ashe an canza masa suna bai yanka rago ba.

Ƙananan masallatan suna nan. Har yanzu ana kiran azahar awa ɗaya da rabi, kuma wasu har yanzu su kaɗai suke yi, don kada a ce. Matar Landan ma ta zo sau ɗaya, ranar Juma'a aka kawo ta. Ta tsaya daga nesa ta ɗauki hoton jama'a, ta koma mota. Saaka da Rahinatu suna ɗakin tabarmi, gado da kabad sun cika shi, sai dai ruwa ba ya shigowa. Salloli biyar kuwa ma'aikata suna zuwa, kuma tun ranar da bangon ya faɗi ba wanda ya sake jin surorin Saaka huɗu sai Ubangijinsa.

Juma'ar bayan ƙaramar sallar bana gwiwa ta riƙe shi a wurin alwala. Kafin ya zagayo ta ƙofar gaba an cika har waje, an shimfiɗa a kan hanya, aboboya sun tsaya. A bakin ƙofa akwai wani ɗan kwamiti, sabon tarewa daga Mamobi, da kati rataye a wuya. Ya tare shi da hannu, ya ce ciki ya cika, Baba ya riƙa fitowa daga gida da wuri in yana son inuwa. Ya tambaye shi daga nesa yake. Saaka ya ce a'a, nan kusa ne. Mutumin ya miƙa masa takardar siminti ya nuna masa hanya.

Rahinatu ta hango ta gefen labule. Ta yunƙura za ta fita ta gaya wa mai katin a falon wa yake tsaye, sai aka ta da iƙama, ta koma ta gyara mayafi.

Saaka ya dubi sahun da ke waje. Na farko ya cika, na biyu ya cika. A na uku akwai ɗan wuri tsakanin wani mai haƙa rijiya da wani Bazabarme. Ya shimfiɗa takardarsa a kan kwalta mai zafi, ya jingina sanda a ƙafarsa. Mai haƙa rijiyar ya ja hannun rigarsa.

"Baba, matso, akwai sarari."

Ya matsa har kafaɗarsa ta taɓa tasa. Daga ciki Abdulhafiz ya kabbarta.